Sharhi a Kan Tallafin Gidauniyoyi ga Masu Binciken Jami'a da Ke Son Kafa Kamfanoni Masu Amfanar Jama'a

Tun farkon shekarun 2000 wata hidima ta bunƙasa a jami'o'in duniya, wadda ba a cika yi mata irin sharhin da ake yi wa kayan kasuwa ba, alhali kuwa tana da masu bayarwa da masu karɓa, tana da sharuɗɗa, tana kuma ɗauke da alkawuran da ya kamata a auna a ga ko ana cika su. Ina nufin tallafin da gidauniyoyi da attajirai masu ba da gudummawa suke ware wa malaman jami'a da ɗalibansu domin su ɗauki abin da suka gano a ɗakin gwaje-gwaje su gina kamfani a kansa, bisa fatan cewa kamfanin zai amfani jama'a, musamman waɗanda 'yan kasuwa ba su saba waiwaya ba saboda ƙarancin abin hannunsu. Na dubi hidimar ne da idon mai binciken da zai cika takardar nema, ya rattaba hannu a kan yarjejeniya, ya kuma sadaukar da shekaru masu albarka na aikinsa. Abin da na gani shi ne, hidimar ta ƙware wajen fitar da basira daga harabar jami'a zuwa hannun masu saye, amma kashi na biyu na alkawarinta, wato amfanin jama'a, yana tabbata ne kawai a inda aka rubuta shi ƙarara a cikin yarjejeniya, kuma ko a nan ɗin ma kasuwa tana da ta cewa.

Buƙatar da hidimar ta zo biya ta gaskiya ce, babu ƙari a cikinta. Kuɗin binciken da gwamnatoci suke bayarwa yawanci yana ƙarewa ne a daidai lokacin da aka wallafa sakamako a mujallar ilimi, su kuwa masu zuba jari ba sa sakin kuɗinsu sai sun ga samfurin da ke aiki a wajen ɗakin gwaji, sun ga wanda ya yarda zai saya, sun kuma tabbatar da wanda ya mallaki fasahar a idon doka. Tsakanin waɗannan matakai biyu akwai aiki mai cin kuɗi da lokaci, wanda ba ya haifar da maƙala, ba ya kuma kawo riba: sake ƙera samfuri sau da yawa, gwada shi a irin yanayin da za a yi amfani da shi, rajistar haƙƙin mallaka, da gano abin da hukumomin tabbatar da inganci za su nema kafin su ba da izinin sayarwa. A Amurka, dokar Bayh-Dole ta 1980 ta ba jami'o'i ikon mallakar ƙirƙirar da aka yi da kuɗin gwamnatin tarayya, wasu ƙasashe kuma sun yi dokoki makamantanta, sai dai dokar ta warware batun mallaka ne kawai, ba ta samar da kuɗin wannan aiki na tsakiya ba. Wannan gurbi ne masu gudummawa suka shigo cikewa.

Cibiyar Deshpande da ke jami'ar MIT ta Amurka tana cikin waɗanda suka shimfiɗa tsarin da ake bi a yau. An kafa ta a 2002 da gudummawar dala miliyan 20 daga Gururaj Deshpande, ɗan kasuwar fasahar sadarwa haifaffen Indiya, da matarsa Jaishree, kuma ta fara ne da ba da tallafin farko da bai wuce dala 50,000 ba domin a gwada ko ra'ayi zai tsaya, sannan wani mafi tsoka ga wanda ya tsallake wannan mataki. Ga wanda ya san tsadar bincike a irin wannan jami'a, dala 50,000 ba ta taka kara ta karya ba. Darajar tallafin tana cikin mutanen da ake haɗa mai binciken da su, wato 'yan kasuwa da masu zuba jari da suka ga jiya suka ga yau, waɗanda suke aikin sa-kai suna zama da tawagar bincike, suna tambayarta wa zai sayi wannan abu, da me yake biyan buƙatarsa a yanzu, kuma me zai sa ya bar abin da ya saba da shi. Cibiyar ba ta keɓe kanta ga matsalolin marasa ƙarfi ba, amma shirye-shiryen da suka keɓe kansu ga hakan kusan duk irin wannan tsari suke bi: kuɗi kaɗan da farko, masu ba da shawara daga wajen jami'a, da ƙarin kuɗi ga wanda ya nuna ci gaba.

Gidauniyar Wallace Coulter, wadda aka gina da dukiyar injiniyan da ya ƙirƙiro hanyar ƙidaya ƙwayoyin jini da na'ura, ta ƙara wani sharaɗi da nake ganin ya fi kowanne hikima a duk wannan fanni. A shirinta na haɗin gwiwa da sassan injiniyancin kayan lafiya, ba a ba injiniya tallafi shi kaɗai, dole ne ya zo da likitan da ke duba marasa lafiya su nema tare. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya san yadda ake ƙera na'urori masu ban sha'awa domin magance matsalar da babu likitan da ya taɓa kokawa da ita. Akwai kuma kwamitin sa ido da ke ɗauke da mutanen masana'antu, wanda ke bin aikin mataki-mataki, ya kuma dakatar da shi idan ya ga ba shi da makoma. A 2011 gidauniyar ta ɗauki matakin da ya kamata wasu su yi koyi da shi, inda ta ba wasu jami'o'i, cikinsu har da Duke da Michigan da Stanford, dala miliyan 10 kowacce bisa sharaɗin su nemo daidai wannan adadi daga wasu hannuwa, domin a kafa asusu na dindindin da shirin zai ci gaba da rayuwa a kansa ko bayan gidauniyar ta janye.

Ta fuskar sauƙin shiga, shirye-shiryen sun bambanta ƙwarai. Wanda ya fi burge ni shi ne na Gidauniyar Gates da aka fara a 2008 da sunan Grand Challenges Explorations, wanda ya taƙaita takardar nema zuwa shafi biyu, ya ɓoye wa masu tantancewa sunan mai nema da na jami'arsa, ya kuma ba da dala 100,000 a matakin farko tare da damar samun har dala miliyan ɗaya a mataki na gaba. Ɓoye suna ba ƙaramin adalci ba ne ga matashin malami, ko ga wanda ke aiki a jami'ar da ba ta yi suna ba. Ƙungiyar VentureWell, wadda aka kafa a 1995 da tallafin Gidauniyar Lemelson, ta fi karkata ga tawagogin ɗalibai, kuma tallafinta, wanda ke kaiwa dala 25,000, yana zuwa ne tare da tarukan horarwa da dole a halarta. A nan ma horon ya fi kuɗin nauyi. Salon da ya mamaye irin wannan horo shi ne wanda hukumar kimiyya ta Amurka ta yaɗa tun 2011 ta shirinta na I-Corps, inda ake tilasta wa tawaga ta fita ta tattauna da mutum 100 daga cikin waɗanda take zaton za su sayi kayanta, a cikin makonni bakwai, kafin ta ƙara ƙera komai. Malamai da yawa suna jin wannan kamar ƙasƙanci ne ga iliminsu, amma a ganina shi ne mafi amfanin abin da hidimar take sayarwa, domin farfesan da ya gano a mako na uku cewa babu mai buƙatar na'urarsa ya tsira da shekarun da zai ɓata a kanta.

Wani lokaci kuma tattaunawa da jama'a tana nuna wa mai ƙirƙira kasuwar da bai zata ba. Manu Prakash da Jim Cybulski na jami'ar Stanford sun ƙera madubin ganin ƙananan halittu daga takarda da ɗan ƙaramin gilashi, wanda kayan haɗa shi ba su kai dala ɗaya ba, suka sa masa suna Foldscope, kuma tallafin Gidauniyar Gates na dala 100,000 yana cikin kuɗin da ya raine shi. Tunanin farko shi ne gano cututtuka irin zazzaɓin cizon sauro a wuraren da babu ɗakin gwaji. Bayan Gidauniyar Moore ta ɗauki nauyin raba dubbansa ga masu gwadawa a ƙasashe da dama, aka kuma kafa kamfani a 2015, sai ya zama makarantu da malaman kimiyya ne suka fi karɓarsa. Wannan amfani ne na gaske, ko da yake ba shi ne wanda aka fara nufa ba, kuma mai gudummawar da ya bari aka bi inda buƙata ta nuna ya cancanci yabo.

Duk wannan ya shafi kashi na farko na alkawarin ne. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Tambaya mai wuya ita ce me zai hana kamfanin da aka raina da kuɗin taimako ya juya wa marasa ƙarfi baya ranar da masu zuba jari suka shigo, suka nemi a karkata ga masu saye da suka fi iya biya. Kyakkyawar niyyar wanda ya kafa kamfani ba ta isa garkuwa ba, domin hannun jarinsa yana raguwa duk lokacin da aka karɓi sabon kuɗi, kuma ana iya sauke shi daga shugabanci. Tarihin wannan fanni ya nuna cewa abin da ke ɗorewa shi ne abin da aka rubuta a lasisin da jami'a take bai wa kamfani.

Darasin ya fito ne daga jami'ar Yale. A ɗakunan gwajinta aka gano cewa maganin stavudine yana rage kaifin ƙwayar cutar ƙanjamau, jami'ar ta ba kamfanin Bristol-Myers Squibb lasisi na shi kaɗai, ba tare da wani tanadi game da ƙasashe matalauta ba. A 2001, lokacin da cutar ke ta'adi a Afirka ta Kudu kuma farashin maganin ya fi ƙarfin kusan duk masu buƙatarsa, ƙungiyar likitoci ta MSF ta nemi a sassauta, ɗaliban jami'ar suka matsa lamba, shi kansa William Prusoff, ɗaya daga cikin masanan da suka yi binciken, ya goyi bayansu a fili. A watan Maris na shekarar kamfanin ya amince ba zai hana a yi maganin mai rahusa a Afirka ta Kudu ba, ya kuma rage farashinsa ƙwarai. An samu abin da ake so, amma sai da aka yi ta'adin lokaci da rayuka a kan abin da jimla ɗaya a yarjejeniyar farko za ta iya warwarewa. Daga wannan gwagwarmaya ce aka samu ƙungiyar ɗalibai ta UAEM, mai fafutukar ganin magungunan da aka gano a jami'o'i sun isa ga marasa ƙarfi, kuma a 2007 wasu manyan jami'o'in Amurka suka fitar da ƙa'idoji tara na ba da lasisi, waɗanda ta ƙarshensu ta yi kira da a yi tanadi domin marasa lafiyar da aka yi watsi da su da kuma ƙasashe masu tasowa. Ƙa'idojin shawara ce kawai, ba su ɗaure kowa ba. Gidauniyar Gates ta fi su tsauri, domin tana sanya wa masu karɓar kuɗinta sharaɗin cewa ilimin da aka samu a yaɗa shi, abin da aka ƙera kuma ya isa ga mabuƙata a ƙasashe masu tasowa a farashin da za su iya. Duk mai neman auna wani shiri, wannan ne wurin da ya kamata ya fara dubawa: shin amfanin jama'a yana cikin takardar talla ne kawai, ko yana cikin takardar da lauyoyi suka duba.

To amma ko sharaɗi mai kyau yana da iyaka, kuma babu labarin da ya fi nuna haka kamar na sinadarin artemisinin, ginshiƙin magungunan zazzaɓin cizon sauro na zamani. Ana samun sinadarin ne daga wani tsiro dangin tazargade da manoma ke nomawa a Sin da Biyetnam da gabashin Afirka, kuma farashinsa ya daɗe yana hawa da sauka, domin idan ya yi tsada manoma su yi ta shukawa har ya karye, idan ya karye su daina har ya yi ƙaranci. Jay Keasling na jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley ya nuna cewa ana iya sauya halittar ƙananan ƙwayoyi, daga baya aka tsaya a kan yis, su riƙa samar da sinadarin da ake sarrafawa ya zama artemisinin. A 2004 Gidauniyar Gates ta ba da dala miliyan 42.6 ga haɗin gwiwar jami'ar da kamfanin Amyris, wanda Keasling da abokan bincikensa suka kafa, da kuma cibiyar OneWorld Health mai haɗa magunguna ba don riba ba. Jami'ar ta ba da lasisi ba tare da neman kaso ba, aka kuma amince cewa ba za a ci riba a kan maganin da za a sayar wa ƙasashe matalauta ba. Ta fuskar tsara yarjejeniya, da wuya a sami abin da ya fi wannan kyau.

Kimiyyar ma ta yi nasara. Kamfanin Sanofi ya karɓi fasahar, ya buɗe masana'anta a Garessio ta Italiya a 2013, mai iya samar da tan 50 zuwa 60 a shekara, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da duniya ke buƙata. Sai ga shi manoma sun samu yabanya, farashin sinadarin gona ya faɗo ƙasa da dala 250 a kan kowane kilo, alhali na masana'anta, ko da babu riba, yana tsakanin dala 350 zuwa 400. A 2015 Sanofi bai samar da ko kaɗan ba, daga baya kuma ya sayar da masana'antar ga kamfanin Huvepharma. Shi kuwa Amyris, fasahar sarrafa yis da ya goge a kanta da kuɗin taimako ita ce ya ɗauka zuwa harkar man fetur na tsirrai, har ya shiga kasuwar hannun jari, sannan ya koma kayan kwalliya da turare, kafin ya nemi kariyar kotu saboda bashi a 2023. Ban ga wanda ya ci amana a wannan labari ba, kowa ya cika abin da ya rattaba wa hannu. Ana ma iya cewa kasancewar wata hanya ta biyu ta samar da sinadarin kariya ce ga duniya idan noma ya gaza. Sai dai mai gudummawa da mai bincike duka sun auna kimiyya da kyau, ba su auna manomi da kyau ba, kuma hidimar da ke alfahari da koya wa malamai sanin kasuwa ita ma tana iya yin kuskuren lissafin kasuwa, a kan kuɗi mai yawa.

Inda hidimar ta fi cika alkawarinta shi ne inda masu gudummawa suka yi haƙuri, suka bi aiki shekara da shekaru. A jami'ar Rice da ke Texas, Rebecca Richards-Kortum da Maria Oden da ɗalibansu sun yi aiki tare da likitocin asibitin Sarauniya Elizabeth da ke Blantyre a Malawi, suka ƙera na'urar taimaka wa jarirai bakwaini numfashi, mai suna Pumani, wadda samfurinta na farko ya yi amfani da famfon iska irin na akwatin kiwon kifi. Shirin Saving Lives at Birth, wanda gwamnatocin Amurka da Norwe da Gidauniyar Gates da Grand Challenges Canada suka ƙaddamar a 2011, ya ba da kuɗin gwaji sannan ya ba da na faɗaɗawa. Binciken da aka wallafa a 2014 ya nuna kashi 71 cikin ɗari na jariran da aka sa wa na'urar sun rayu, idan aka kwatanta da kashi 44 na waɗanda aka ba iskar oksijin ta hanci kawai, ko da yake jariran da aka yi binciken a kansu ba su da yawa. An ba wani ƙaramin kamfani lasisin ƙerawa da sayarwa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da tawagar ta yi bayan haka, domin ta fahimci cewa na'ura ɗaya ba ta ceton jariri idan babu ma'aikaciyar jinya da aka horar, babu mai gyara, babu kayan canji, babu sauran na'urorin ɗumama jiki da magance ciwon shawara. Wannan fahimta ce ta haifar da haɗakar NEST360, wadda ta samu dala miliyan 15 daga Gidauniyar MacArthur bayan ta kai zagayen ƙarshe na gasarta a 2017, ta kuma fara aiki a asibitocin Malawi da Kenya da Tanzaniya da Najeriya. Shiri mai ba da tallafin shekara ɗaya ya tafi ba zai taɓa kai aiki wannan matsayi ba.

A nan ne babban raunin yawancin shirye-shiryen yake. Tallafin farko yana da yawa kuma yana da daɗin sanarwa, tun da da kuɗi kaɗan ake samun hotunan masu nasara da dama. Kuɗin mataki na biyu, wanda ake buƙata domin gwaji a asibiti, samun izinin hukuma, kafa layin ƙira da ɗaukar masu sayarwa, ya ninka na farko sau da yawa, masu bayar da shi kuma ƙalilan ne. Kamfanin da masu sayensa gwamnatoci ne ko asibitocin marasa ƙarfi ba ya ba da irin ribar da masu zuba jari ke nema, gidauniyoyi da yawa kuma suna ɗari-ɗari da ba kamfani mai neman riba kuɗi. Embrace, jakar ɗumama jarirai da ta fito daga wani aji a jami'ar Stanford, ta fara ne a matsayin ƙungiyar agaji, sannan a 2012 ta rabu biyu, ɓangare ɗaya yana karɓar gudummawa yana rabawa, ɗayan yana karɓar jari yana ƙerawa da sayarwa. Dokoki sun yi ƙoƙarin samar da mafita. Birtaniya ta ƙirƙiro nau'in kamfanin al'umma a 2005, wanda ake kulle kadarorinsa domin manufar da aka kafa shi, jihar Maryland ta Amurka kuma ta fara rajistar kamfanoni masu manufar amfanin jama'a a 2010. Na farkon yana da ƙarfin kariya amma yana korar masu zuba jari saboda iyakar da ya sa wa rabon riba, na biyun yana jan jari amma kariyarsa ba ta kai ta farkon ba. Shiri nagari ya kamata ya zaunar da mai bincike da lauya a kan wannan zaɓi tun da wuri.

Akwai kuma matsalar da ba daga masu gudummawa take ba, amma suna da ƙarfin gyara ta idan sun so. Jami'a ce ke mallakar fasahar, kuma kason da take nema a sabon kamfani yana iya kashe shi tun kafin ya tashi, domin masu zuba jari ba sa son kamfanin da waɗanda ke aikin dare da rana ba su da kaso mai gwaɓi a cikinsa. A Birtaniya ƙorafin ya yi yawa har gwamnati ta sa aka yi nazari mai zaman kansa da aka fitar a 2023, wanda ya goyi bayan kason jami'a ya tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari a kamfanonin kimiyyar lafiya, ya kuma yi ƙasa da haka a na manhajar kwamfuta. Ga kuma batun ƙarin girma: kwamitocin jami'a suna ƙidaya maƙaloli ne, don haka matashin malamin da ya ba da shekara biyu ga kamfani yana iya tarar da sa'o'insa sun wuce shi. Mai gudummawar da ke ba jami'a miliyoyi yana da bakin da zai nemi a gyara waɗannan ƙa'idoji kafin ya saki kuɗinsa.

Dangane da inda kuɗin ke zuwa, mai karatu zai lura cewa kusan duk jami'o'in da na ambata na ƙasashe masu arziki ne, alhali matsalolin da ake son magancewa suna wasu wurare. Wannan shi ne yanayin fannin, domin attajirai sun fi ba jami'o'in da suka sani. Akwai masu ƙoƙarin sauya hakan. Gasar ƙirƙirar injiniyanci ta Afirka, wadda Cibiyar Injiniyoyi ta Masarautar Birtaniya ta fara a 2014, tana ba waɗanda aka zaɓa horo na watanni kafin a fitar da gwani, kuma wanda ya fara lashe ta a 2015, da kyautar fam 25,000, malamin jami'a ne, Askwar Hilonga na Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Nelson Mandela da ke Arusha a Tanzaniya, wanda ya ƙera matatar ruwan sha ya kuma gina kasuwanci a kanta. Mai binciken da ke zaune kusa da matsala yana da fifikon da kuɗi ba ya saye, amma yakan rasa ofishin kula da haƙƙin mallaka mai ƙarfi da masu zuba jari na kusa, saboda haka tallafin da ya ishi takwaransa na birnin Boston a Amurka ya kai mataki na gaba ba lallai ne ya ishe shi ba.

Yadda shirye-shiryen ke auna kansu ma abin dubawa ne. Rahotanninsu sun fi cika da adadin kamfanonin da aka kafa da yawan jarin da suka jawo daga baya, waɗanda alƙaluma ne masu sauƙin tarawa, amma ba sa nuna ko wani mara lafiya ya warke ko wani gida ya samu ruwa mai tsabta. Wasu kuma sun wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, suna neman rahoton tasiri duk bayan wata uku daga kamfanin mutum huɗu da bai sayar da komai ba tukuna.

Ga mai binciken da ke da sakamakon da ya tabbata a ɗakin gwaji, yake kuma da ɗalibi ko abokin aiki da ya yarda ya riƙe kamfanin a matsayin cikakken aikinsa, ina ba da shawarar ya nema ba tare da jinkiri ba, ya kuma fifita shirin da ke da masu ba da shawara na gaske da hanya bayyananniya zuwa kuɗin mataki na biyu a kan wanda ya fi yawan kuɗin farko. Wanda burinsa shi ne ƙarin kuɗin ci gaba da binciken da ya saba, gara ya nemi wata ƙofa, domin sharuɗɗan wannan za su takura shi. Kafin sa hannu kuma, ya nemi ofishin jami'arsa da mai gudummawa su nuna masa a rubuce kason da jami'a za ta ɗauka, ƙasashen da sharaɗin rahusa ya shafa, da abin da zai faru da lasisin idan aka sayar da kamfanin ko ya durƙushe. Ya dage a rubuta cewa sharaɗin yana bin fasahar duk hannun da ta koma, kuma jami'a tana da ikon ba wani kamfani lasisi idan na farko ya kasa kai kayan ga ƙasashen da aka ambata cikin wa'adin da aka tsayar.